Jandarma

"Sati biyu kacal," in ji Hamajoda,
ranar da ya sauke buhu a zaurenmu na Rumde Ajiya,
buhu yana numfashi, yana dukan ƙasa.
Ya hau motar Njamena da jaka ɗaya.
Sau uku ke nan Binuwai tana cika tana janyewa,
damonsa na nan Garwa,
ya kusa tsawon tabarmar salla.

Da yake walda ce sana'ata, na ƙera masa ɗaki:
ƙarfen tsohon gado, ragar waya, rabin duro na ruwa,
da kututturen dalbejiya don shan hantsi.
Yara suka sa masa Jandarma,
wai a bakin ƙofa yake tsayawa,
ya karɓa, bai taɓa cewa an gode ba.

Da farko a ciki nake ba shi.
In zare sakata, in miƙa ƙwai, in miƙa fara,
kan tarwaɗa daga wajen Dudu mai banda,
dodon koɗi idan ruwa ya sauka.
Harshen nan mai reshe biyu ya fito ya koma,
yana lasar iska, yana ƙirga ni.
Har ya haddace kukan sakata.
Har ya daina raba hannu da abin da ke hannu.
Ran wata Laraba ya haɗa da babban yatsana.
Ɗinki huɗu, sefa dubu shida,
dariyar malamar asibiti kuwa kyauta.

Hajjo ta ce, "Fito da shi waje.
Ɗaki na barci ne. Kai a kan gado kake cin tuwo?"
Muka share gindin mangwaro, muka ajiye faranti.
Ya fito yana rangaji, ƙafa nan, ƙafa can,
tafiyar mai kuɗi da ba ya bin kowa bashi.
Ya ci. Ya goge baki da ƙasa, hagu da dama.
Sati uku lafiya lau.
Sai kazar Adda Kulu ta ratso ta magudana
da 'yan tsakinta bakwai.
Ta koma da biyar.
Na biya, na ba da baki, na toshe ramin da bulo,
amma har yau gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya".

An ce damo sarkin haƙuri.
Wanda ya faɗa bai taɓa makarar masa da kalaci ba.

Na kira Hamajoda: ciki ko waje?
Layi yana yankewa, inji yana ruri a bayansa.
Ya ce, "Yaya, duk yadda ka gani."
Ya ce, "Ƙarshen wata ina tafe,"
da muryar bara, da muryar bara waccan.

Yanzu ga yarjejeniyarmu, ni da mai wutsiya:
in buga bututu sau uku, ya san da abinci;
in ban buga ba, shara na zo, ya matsa.
Da dogon awartaki nake miƙawa.
Faranti a kan dokin ƙofa,
shi kuma rabi da rabi,
kai a tsakar gida, wutsiya a ɗaki,
kamar baƙon da bai yanke shawarar kwana ba.

Daren jiya na manta sakata.
Hajjo ta ce ban manta ba.
Daga nan zuwa ciyawar bakin kogi
tafiyar dare ɗaya ce ga mai gajerun ƙafafu.
Da asuba na fito da fitila, na bi sawu:
jan wutsiya har zaure,
ya tsaya daidai inda buhu ya sauka,
ya yi kwana.

Na same shi kan kututture, ido ɗaya a buɗe.
Na duba waya, babu kira.
Na ɗauko ƙwai biyu.
Na buga bututu.